Wa ke duba yaranmu idan ciwo ya kama su a makaranta?

Makon da aka koma makaranta na raka wani maƙwabcina kai 'yarsa sabuwar makarantar da ya sama mata a nan ɓangarenmu na Agege. Mun zauna a ofishin shugabar makarantar, ya yi tambaya a kan kuɗin zango, da na yunifom, da na littattafai, har kuɗin bikin ƙarshen shekara sai da ya nemi ragi. Da muka miƙe za mu fita na ce wa matar, "Madam, idan yarinya ta faɗi a aji, wa ke duba ta?" Ta yi murmushi, ta jawo wani akwati daga ƙarƙashin tebur ta buɗe mana. Auduga ce a ciki, da filasta, da kwalbar ayodin da ta bushe, sai katin farasitamol da ya rage ƙwaya huɗu. Ta ce, "In abin ya yi tsanani muna kiran iyaye."

To iyayen suna ina? Uban yana Mile 12 yana sauke tumatir, ko yana mayankar Oko-Oba, wayarsa a aljihu ba ya jin ƙararta. Uwar tana gida da goyo. Kafin a same shi, kafin ya keta cunkoson Legas ya iso, awa biyu ta wuce. Akwai ciwon da zai jira awa biyu, akwai wanda ba zai jira ba.

Ban ga laifin matar ita kaɗai ba. Abin da ta nuna mana shi ne halin da mafi yawan makarantun da 'ya'yanmu ke zuwa suke ciki, daga Agege da Idi-Araba har Sabon Ibadan da Sabon Shagamu, har Anacha da Fatakwal. Mu kanmu iyaye ba mu taɓa sa wannan tambayar a cikin jerin abin da muke tambaya ba. Shi ya sa nake so yau mu yi maganar nas ɗin makaranta: mene ne aikinta, me ya sa babu ita, kuma me ya rage mana mu yi.

Abin da ya faru a manyan makarantu

A farkon shekarar 2017 cutar amai da gudawa ta ɓarke a Queen's College da ke Yaba. Ɗalibai mata uku suka rasu, sama da 1,000 suka je asibitin makarantar da ciwon ciki da zazzaɓi da gudawa, binciken hukumomin lafiya na jihar Legas kuma ya gano cewa ruwan da yaran ke sha ya gurɓata. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da aka zo bincike, rajistar ɗakin jinyar makarantar aka buɗe aka ga tun tsakiyar watan Janairu ciwon ya soma. Ashe labarin yana rubuce a takarda makonni kafin ya fito a jarida.

A watan Maris na 2025 kuma mashaƙo ya shiga reshen King's College da ke Victoria Island. Yaro ɗan shekara 12 ya rasu a asibitin koyarwa na LUTH, aka kwantar da wasu abokan karatunsa, gwamnatin jihar ta garzaya da allurar rigakafi makarantar. Mu kuma mutanen Agege ba mu manta da watan Fabrairun 2023 ba, lokacin da wata ɗaliba 'yar shekara 12 ta rasu a wajen wasannin makarantarsu a filin wasa na nan unguwarmu. Tambayar da kowa ya riƙa yi a lokacin ita ce, wane tanadin agajin gaggawa aka yi kafin a tara ɗaruruwan yara a wuri guda?

Ku lura, waɗannan fa makarantu ne na masu faɗa a ji, masu tsoffin ɗalibai a manyan muƙamai, shi ya sa ma muka ji labarin. Idan abu irin wannan ya faru a wata Islamiyya da ke bayan layin dogo, ko wata 'yar makarantar kuɗi mai ɗakuna huɗu, ba wanda zai ji. Za a ce zazzaɓi ne, a yi jana'iza da la'asar, a yi wa iyaye gaisuwa. Kwana kam in ya ƙare ya ƙare, ba mai jayayya da wannan. Amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ya umarce mu da neman magani.

Aikinta ya wuce raba farasitamol

Da yawanmu idan aka ce nas ɗin makaranta, abin da ke zuwa mana shi ne mace mai farin kaya tana wanke wa yaro gwiwar da ya kurje. Wannan ƙaramin ɓangare ne na aikin. Babban aikinta shi ne lura, da rubutawa, da sanin lokacin da ya kamata a ce "wannan ba na nan ba ne, a tafi asibiti yanzu."

Ɗauki mai sikila. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu wannan cuta, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma ba gidan da zai ce bai san wani mai ita ba a danginsa. Zazzaɓin da wani yaro zai sha magani ya kwanta ya tashi garau, ga mai sikila lamarin gaggawa ne. Yana buƙatar shan ruwa akai-akai, da izinin fita fitsari ba sai ya roƙa ba, kuma bai kamata a tsayar da shi a rana ko cikin ruwan sama da sunan horo ba. Malamin da ke fama da yara sittin ba zai riƙe wannan a kansa ba. Abin da zai ce shi ne, "ɗora kanka a kan tebur." Nas kuwa tana da sunan yaron a littafinta tun ranar da aka kawo shi.

Ɗauki mai farfaɗiya. Har gobe idan yaro ya faɗi, sai ka ga an watse an bar shi don wai yawunsa yana yaɗa cutar, ko kuma a danne shi a cusa masa cokali a baki. Duka biyun kuskure ne. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu, cokalin kuma haƙori yake karyawa. Abin da ake so shi ne a kawar da abin da zai ji masa rauni, a kwantar da shi a gefe guda, a duba agogo, in ya wuce minti biyar bai lafa ba a nufi asibiti. Makarantar da ke da nas, cikin zango ɗaya malamai da ɗalibai za su san wannan.

Haka mai asma da hayaƙin janareto ke tayar masa da ciwo. Haka yaron da ake ta zane wa ana ce masa daƙiƙi, alhali allon ne ba ya gani, ko kunnensa ɗaya ke zubar da ruwa tun yana ƙarami. Gwajin ido na minti biyar zai iya canza wa yaro rayuwa. Haka yarinyar da al'ada ta zo mata karon farko a cikin aji, malaminsu namiji, ba ta san wa za ta tunkara ba, sai ta ɗauke ƙafa kwana huɗu duk wata har karatun ya fita daga ranta. Akwai ma abin da ya fi wannan nauyi, wato yaron da ake cutarwa a gida ko a hanya, ba zai faɗa wa malami ba, amma wadda ta saba duba jikinsa za ta ga alama.

Sai uwa uba, rajista. Idan yaro ɗaya ya zo da gudawa ranar Litinin, ba labari ba ne. Idan suka zama takwas kafin Laraba, kuma duk famfo ɗaya suke sha, ko wajen mai abinci ɗaya suke saye a bakin ƙofa, wannan ƙararrawa ce. Amma sai akwai mai rubutawa, mai kuma ikon ɗaga waya ta kira cibiyar lafiya ba tare da tsoron mai makaranta zai ce ta ɓata masa kasuwa ba. Da kwalara ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, irin wannan idon ne makarantu suka fi buƙata.

Takarda tana nan, ma'aikatan ne babu

Ba wai gwamnati ba ta san da maganar ba. Tun 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da Manufar Lafiyar Makarantu ta Ƙasa. A cikinta an yi maganar tsaftar muhallin makaranta, da ciyarwa, da koyar da kiwon lafiya, da alaƙar makaranta da gida, sannan da hidimar lafiya ita kanta: a duba yaro kafin a ɗauke shi, a ajiye bayanin lafiyarsa, a tanadi ɗakin jinya da kayan agajin farko, a kuma san asibitin da za a tura shi. Duk abin da nake kira a kai yana rubuce tun wancan lokacin. Yaran da aka haifa a shekarar sun gama sakandare, wasu har sun yi aure.

Mun kuma ga cewa in an ga dama ana iyawa. A 2014, bayan Ebola ta shigo Legas a watan Yuli, an ɗage komawa makaranta, aka horar da malamai, kowace ƙofa ka je sai ka ga bokitin wanke hannu da na'urar auna zafin jiki. A 2020 korona ta sake dawo da bokitan. Da tsoro ya wuce, bokitan suka koma na wanke-wanke. Haka muke: ihu bayan hari, sannan mantuwa.

Amma gaskiya akwai abin da ya fi sakaci, shi ne ƙarancin ma'aikatan jinyar su kansu. A watan Fabrairun 2024 magatakardan Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya kusan 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku, sama da 15,000 a 2023 kaɗai. Hukumar ta fito da sababbin sharuɗɗa don rage ficewar, ma'aikatan suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas suna cewa a gyara albashi da yanayin aiki tukuna. Ko ma wa ke da gaskiya, sakamakon ɗaya ne. Asibitin gwamnati da kansa yana neman nas bai samu ba, balle makarantar firamare. Wadda ta rage kuma, in ba Ingila ta nufa ba, babbar makarantar kuɗi a Lekki ko Ikeja ta ɗauke ta. Saboda haka duk wanda ya ce mu zauna mu jira a turo wa kowace makaranta nas, bai faɗa mana gaskiya ba.

Inda abin ya fi shafar mu

Wani zai ce ai wannan matsalar kowa ce, Bayarabe da Ibo da Bahaushe. Haka ne. Amma akwai wurare uku da tamu ta ɗan bambanta.

Na farko, tafiye-tafiye. Yaranmu ƙafarsu ɗaya a nan, ɗaya a gida. A haifi yaro a Legas, a yi masa allurar mako shida, uwar ta tafi wankan jego Kano ko Katsina, ta mako goma da ta mako sha huɗu su wuce, katin ma ya ɓata a hanya. Waɗannan allurai uku kuwa su ne ke kare yaro daga mashaƙo. Da cutar ta yi ƙamari a 2023, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu ita, kuma hukumar NCDC ta sha nanata cewa akasarin waɗanda suka kamu yara ne da ba su kammala rigakafi ba. Duk hutun Sallah da dogon hutu motoci cike suke da 'ya'yanmu, zuwa da dawowa. Wa ke duba katinsu idan sun dawo? Wa zai leƙa maƙogwaron yaron da ya zo da zazzaɓi da kumburin wuya ya gane ba mura ba ce?

Na biyu, harshe da yarda. A watan Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin cutar dajin bakin mahaifa, Legas da Ogun da Kano suna cikin jihohin farko, kuma makarantu na cikin wuraren da aka bi. Kowa ya tuna saƙonnin murya da suka riƙa yawo a WhatsApp. Na san gidajen da suka hana 'ya'yansu zuwa makaranta a makon. Ba na zagin iyayen nan. Baƙuwar fuska ce ta zo da takardar Turanci tana neman sa hannu, ba wanda ya zauna ya yi musu bayani da harshen da suke ji. Da a ce wadda ta yi bayanin ita ce nas ɗin da ta taɓa kwana a kan ɗansu a asibiti, wadda ke gaisawa da su a gidan suna, da lissafin ya canza.

Na uku, yaranmu makaranta biyu suke yi. Boko da safe, Islamiyya da yamma, Asabar da Lahadi hadda, wasu kuma almajirai ne gaba ɗaya a hannun malam. Jami'an da ke zagayen duba makarantu, in ma sun zo, iyakarsu ta bokon. Awannin da yaro ke yi a Islamiyya ba su cikin lissafin kowa sai namu.

Me za mu iya yi?

Makarantun gwamnati haƙƙin gwamnati ne, kuma muna biyan haraji a kasuwanni kamar kowa. Akwai kwamitin iyaye da malamai, akwai kansila, akwai shugaban ƙaramar hukuma da ke zuwa fadar Sarkin Hausawa neman ƙuri'a. Buƙatar da za mu kai ba mai wuya ba ce: a haɗa kowace makaranta da cibiyar lafiya ta matakin farko mafi kusa, a sa wa ma'aikaciya ɗaya ranar zuwa duk mako, a san lambarta. Amma sai mun halarci taron iyaye. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, kujerunmu ne suka fi zama wayam a irin wannan taro.

Makarantunmu na al'umma kuwa, ba wanda zai yi mana. Shawarata ita ce a yi karo-karo. Makaranta ɗaya ba za ta iya biyan nas ba, amma biyar za su iya. Mu ƙaddara makarantu biyar ne a unguwa, kowace da yara 200. In aka sa naira 1,000 a kan kowane yaro a zango, an tara miliyan ɗaya a zango, miliyan uku a shekara, wato naira 250,000 a wata. A jihar da mafi ƙarancin albashi yake naira 85,000, wannan kuɗin zai ɗauki ma'aikaciya mai lasisi, ko wadda ta yi ritaya, ya kuma bar wani abu na kayan aiki. Ta riƙa zagayawa, kowace makaranta da ranarta.

Na san abin da za a ce. Na ɗaya, mai 'ya'ya shida dubu shida ce a kansa, a wannan marra da kwanon shinkafa ya gagari mutane. Gaskiya ne. A nan ne ƙungiyoyin kasuwa za su shigo, 'yan tumatir da 'yan shanu da 'yan canji, su ɗauke wa marayu da marasa ƙarfi. Kuɗin da muke kashewa a rumfa da kujeru na walima guda ya isa.

Na biyu, za a ce ranar da yaro ya faɗi tana wata makarantar fa? Shi ma gaskiya ne, kuma shi ya sa aikinta na farko shi ne ta horar da malamai biyu a kowace makaranta, mace da namiji. A nan muna da arzikin da ba mu amfani da shi: 'yan agaji. Izala tana da su, Jama'atu tana da su, Fitiyanu tana da su. Muna ganinsu da kaki ranar Idi da wajen tafsiri suna gyara sahu da tsare hanya. Me zai hana a zaɓi wasu a tura su horon agajin farko na ƙungiyar Red Cross, a raba musu Islamiyyu? Ga kuma ƙungiyar likitoci da ma'aikatan lafiya Musulmi ta IMAN, ga FOMWAN da ta daɗe tana harkar makarantu da asibitoci. In an je musu da tsari, ba na jin za su ƙi ba da rana guda a zango don gwajin ido da duba katin rigakafi.

Gargaɗi ɗaya: ba duk mai farin kaya ce nas ba. Garuruwan nan cike suke da waɗanda suka koyi allura a bayan kantin kemis, hukumar jinya kuma ba ta san da su ba. Mai makaranta zai so irinsu saboda araha. A nemi ganin lasisi. Kuma ɗakin jinyar makaranta ba wurin ƙarin ruwa da allurar zazzaɓi ba ne. Wurin taimakon farko ne da turawa asibiti. In aka mayar da shi kemis, an gudu ba a tsira ba.

Sai abin da ya fi kowanne ɗorewa. Mu tura 'ya'yanmu mata makarantun koyon jinya da na kiwon lafiya da ke jihohin da muke zaune. Yarinyar da ta tashi a Agege ko Sabo tana jin Hausa, tana jin Yarabanci, tana jin Turanci. Ba wanda ya fi ta dacewa da wannan aiki. Muna ƙorafin cewa matanmu ba sa sakin jiki da ma'aikatan asibiti, amma 'yan mata nawa muka ɗauki nauyin karatunsu?

Kafin duk wannan ya tabbata, akwai abin da kowane uba zai iya yi a makon nan ba tare da ya kashe ko sisi ba. Ka je makarantar ɗanka, ta boko da ta Islamiyya. Ka tambaya wa ke duba yaro in ya faɗi, wane asibiti ake kai shi, da wace mota. Ka bar lambobi biyu, taka da ta wanda ke kusa da makarantar. In a Legas kake, ka tabbatar malamai sun san 112 da 767. In ɗanka yana da sikila ko asma ko farfaɗiya, ka faɗa, ka rubuta musu. Da yawanmu muna ɓoyewa don gudun surutu, musamman a kan 'ya mace, saboda tunanin aurenta gobe. Ɓoyewar nan ita ce ke sa malami ya ce "ɗora kanka a kan tebur."

Maƙwabcin nawa ya koma makarantar bayan kwana biyu. 'Yar tasa tana da asma, bai faɗa ba ranar farko. Ya kai musu abin shaƙarta na biyu, ya nuna wa malamar ajin yadda ake amfani da shi, ya kuma ba da lambar wani ɗan'uwansa mai shago a bakin layin. Shugabar makarantar ta ce shi ne uba na farko da ya taɓa yin haka. Ta kuma ce in iyaye za su yarda a zauna da sauran makarantun layin a kan maganar nas, ita a shirye take. Taron iyaye na gaba za mu ga ko mu nawa za mu je.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.